Borin hanci da bitamin D: mu yi lissafi kafin mu kwance lalita

Da zarar an kai hatsi rumbu, iska ta juyo daga gabas, sai atishawa ta cika gari. Daga Tawa har Damagaram labarin ɗaya ne. Wani hancinsa na zuba kamar randa ta tsage, wani idonsa ya yi ja, wani kuma ya kwana zaune don hanci ya toshe.

A wani ƙauye na jahar Maraɗi, wani magidanci mai kimanin shekara hamsin ya tare mu da wata ƴar kwalba a hannu. Ɗansa da ya tafi cin rani ne ya aiko masa da ita. An ce masa bitamin D ne, kuma in ya shanye ta ya rabu da atishawar da ke damunsa kowace shekara. Kwalbar ta kusa ƙarewa, yana shawarar ya sayar da tiya kaɗan ta hatsi ya sayo wata. Ya ce mu gaya masa gaskiya, ya saya ko ya bari. Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, shi ya sa muka kawo amsar a wannan shafi.

Mura iri biyu ce

Akwai murar da kowa ya sani. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum. Tana zuwa da ciwon maƙogwaro, da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Majina takan fara da ruwa, daga baya ta yi kauri. Cikin kwana bakwai ko goma sai ta wuce.

Ta biyun kuwa daban take. Atishawa ce a jere, biyar, goma, musamman da safe. Majina fara ce kamar ruwan rijiya. Hanci yana ƙaiƙayi, ido yana ƙaiƙayi yana hawaye, har ganda da cikin kunne. Babu zazzaɓi, kuma ba a ɗaukar ta daga kowa. Takan yi makonni ko watanni, ta tafi, ta komo a daidai lokacin da ta zo bara. Lokotoro na kiran irin wannan ciwo alerji. Mu kuwa mun san borin jini, wanda jiki ke kumbura yana ƙaiƙayi in mutum ya ci abin da jininsa bai so. To wannan ɗan'uwansa ne, sai dai a hanci yake tashi, don haka muke kiransa borin hanci.

Ga yadda abin yake. A cikin jikin ɗan Adam akwai masu tsaro, aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin mai borin hanci, masu tsaron nan sun cika zargi. Abin da ba ya cutar da kowa, su sai su ɗauke shi abokin gaba. Da ya shiga hanci sai su saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke kumbura cikin hanci, ya sa ƙaiƙayi, ya buɗe hanyar ruwa. Kamar karen gida ne da ke yi wa mai gida haushi. Halin yakan bi jini: in uwa ko uba na da shi, ba mamaki a gan shi ga ɗiyansu. Kuma yana da dangantaka ta kusa da fuka, don hanci da huhu hanya guda ce. Da yawa daga masu fuka suna da borin hanci.

Abubuwan da ke tayar da shi suna nan tare da mu. Akwai bununin hatsi da na ciyawa da na itatuwa. Akwai fumfunar da ke kama rumbu da harawar da ruwa ya taɓa. Akwai gashin kyanwa da na dabbobi, da kashin kyankyaso. Akwai kuma wani ƙwaro da ido ba ya gani, mai zama cikin katifa da matashin kai da tsofaffin barguna, yana cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu. Shi yana son laima, ya fi yawa da damina. Ƙurar hunturu kuwa, wadda iska ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana fusata hancin kowa. Amma mai borin hanci ya fi kowa jin ta, don hancinsa dama a kumbure yake.

Wani lokotoro na birnin Mancesta a Ingila, Charles Blackley, shi ne ya tabbatar da maganar bununi a shekarar 1873. Shi kansa yana da ciwon. Ya riƙa tara bununin ciyawa yana sa wa hancinsa, yana kuma yin ƴar tsaga a fatarsa ya shafa, ya rubuta abin da ya biyo baya. Mutumin ya wahalar da kansa ƙwarai, amma ya bar mana hanya mai kyau: a gwada, a duba, sannan a yi magana.

Mene ne bitamin D?

Kada mu haɗa shi da bitamin A. Bitamin A shi ne ɗan ƙwanso ja ko shuɗi da ake matsa wa yara a baki lokacin allurar rigakafi, wanda Nijar ta fara rabawa tare da ɗigon shan inna tun 1997. Wancan na kare ido ne da ƙarfafa jikin yaro. Bitamin D aikinsa na farko ƙashi ne. Shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyom daga abinci, kalsiyom kuwa shi ne tubalin ƙashi da haƙori. Wani masani na Amurka, Elmer McCollum, ya ba shi wannan suna a 1922.

Abin mamakinsa shi ne jiki na yin sa da kansa. In hasken rana ya taɓa fata, fata ta sarrafa shi, hanta da ƙoda su kammala aikin. A abinci kaɗan ne: kifi mai mai irin sardin, gwaiduwar ƙwai, hanta. Hatsi da dawa da wake da gujiya da ganye ba su da shi.

Mai karatu zai ce, to mu da rana ke dafa mu shekara duka, ina ruwanmu da ƙarancinsa? Ga manomi da makiyayi da mace mai zuwa rijiya da gona, maganar tana da ƙarfi. Amma ba kowa ne rana ke taɓawa ba. Hasken da ke yin wannan aiki ba ya ratsa tufa mai kauri, ba ya ratsa gilashi. Baƙar fata kuma ta fi farar fata bukatar daɗewa a rana. Saboda haka matar da ba ta fita tsakar gida sai a lulluɓe, da tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaki, da ɗan birni mai wuni a kanti ko ofis, da jaririn da uwarsa ke da ƙarancin, duk suna iya rasa abin da ya ishe su. A 2020 wasu masana sun tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama, suka ga kamar mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka auna jininsu bai kai ma'aunin da ake so ba. Abin ya fi yawa ga mata, da jarirai, da mutanen birni.

Akwai wani darasi daga maƙwabtanmu. A garin Jos na Nijeriya an yi gwaji kan yara 123 masu laushin ƙashi, irin masu ƙafar baka da gwame, aka bayyana sakamakon a 1999. Kowa ya zaci bitamin D ne suka rasa, don haka littattafan Turai suka koyar. Ashe yawancinsu kalsiyom ne babu a abincinsu. Waɗanda aka ba kalsiyom sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Iyaye su riƙe wannan: nono da madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka da ganyen zogale, suna gina ƙashin yaro. Shi ya sa ba ma jin daɗin ganin an kai nonon gida kasuwa kaf, yara suna shan fura da ruwa.

Ina ya haɗu da hanci?

Masana sun gano cewa masu tsaron jiki ma suna amfani da bitamin D. Yana cikin abubuwan da ke lallashinsu kada su wuce gona da iri. Daga nan tunani ya zo: tun da borin hanci wuce gona da iri ne, ko ƙarin bitamin D zai kwantar da shi? Wasu bincike kuma sun ga cewa masu borin hanci sukan fi sauran mutane ƙarancinsa a jini.

Tunanin ba na banza ba ne. Amma manomi ya san ganin abu biyu tare ba hujja ba ce. Balbela na bin shanu, ba ita ke kiwonsu ba. Mai yiwuwa ne ciwon ne ke tsare mutum a ɗaki, yana gudun ƙura, har ya rasa rana.

Shaidar wanda ya sha ya ji sauƙi ma ba ta isa ba, ko da mutumin kirki ne mai gaskiya. Borin hanci ciwo ne mai zuwa da lokaci. Wanda ya fara shan ƙwaya a ƙarshen hunturu zai ji sauƙi da iska ta kwanta, ko ya sha ko bai sha ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Magidancin da ya tare mu ya ce yana ganin atishawar ta ragu. Da muka tambaye shi, sai muka tarar an gama sussuka a gidansa mako biyu kafin nan.

Hanyar sanin gaskiya ita ce wadda malaman gona ke bi. In an kawo sabon taki, ana raba gona biyu, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. A zuba wa ɓangare guda, a bar ɗayan. Da kaka a ƙirga damman kowane. Haka lokotoro ke yi da magani. Ana raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu kome a cikinta, kuma ba wanda ya san wadda ya sha.

An yi irin wannan gwaji a birnin Mashhad na ƙasar Iran, aka bayyana shi a 2019. An ɗauki mutum 80 masu borin hanci, dukansu an auna jininsu an ga suna da ƙarancin bitamin D. Dukansu an ba su setirizin, wato maganin borin hanci da aka saba. Kashi ɗaya aka ƙara musu bitamin D sau ɗaya a mako. Bayan mako huɗu ba a ga wani bambanci na kirki ba. Bayan mako takwas waɗanda aka ƙara wa sun fi jin sauƙi. A ƙasar Indiya da ƙasar Folan ma an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna alamar amfani.

Mu lura da abu uku a nan, don masu talla ba sa faɗar su. Mutanen Mashhad masu ƙaranci ne da aka tabbatar, ba kowa da kowa ba. Ba a ɗauke musu maganinsu ba, ƙari aka yi a kansa. Kuma mutum 80 cikin mako takwas ƙaramar gona ce ƙwarai. Ba a yanke wa iri hukunci da kunya biyu a damina guda.

Akwai kuma shaidar da ta juya baya. A arewacin ƙasar Finlan an bi yaran da aka haifa a 1966 har suka kai shekara 31. Rahoton ya fito a 2004. Waɗanda aka riƙa ba bitamin D a kai a kai a shekararsu ta farko sun ɗan fi sauran yawan borin hanci da suka girma. Wannan bai tabbatar da cewa bitamin ɗin ne ya jawo ba, amma ya isa ya sa mutum ya sassauta murya. Ga kuma labarin fuka. A 2016 ƙungiyar masana ta Cochrane, mai aikin tace gwaje-gwajen magani, ta ce da alama bitamin D na rage tashin fuka mai tsanani. A 2023 ta sake lissafi da gwaji 20, ta ce ba ta ga wannan amfanin ba. Ƙananan gwaje-gwaje sun yi alkawari, da aka ƙara yawansu alkawarin ya narke.

To ga amsarmu ga magidancin nan da irinsa. Wanda aka auna aka ga yana da ƙaranci, ya sha bitamin D yadda lokotoro ya rubuta. Ƙashinsa na bukatarsa, kuma mai yiwuwa hancinsa ya samu rabo. Wanda ke wuni a gona hannu da ƙafa a buɗe, babu hujjar da ta ce ya sayar da hatsinsa. Jagororin da lokotoro na duniya ke bi wajen borin hanci ba su sa bitamin D cikin magungunansa na asali ba.

Karanta lambar da ke jikin kwali

Mutane na cewa bitamin abinci ne, ba ya cutarwa. Ga bitamin D wannan kuskure ne. Jiki ba ya zubar da rararsa cikin fitsari da sauri, yana ajiye ta cikin kitse. In ta taru, kalsiyom ya yi yawa a jini. Sai amai, da ƙishirwa marar yankewa, da yawan fitsari, da taurin ciki, da rikicewar hankali. Yana iya sa tsakuwa a ƙoda, yana iya lalata ta. Rana ba ta jawo wannan, don fata na tsayawa in ta yi abin da ya isa. Kwalba ce ke jawo shi.

A jikin kwali za ku ga lamba, kusa da ita baƙaƙe biyu, UI. Shi ne mudun da ake auna shi. Hukumar masana lafiya ta Amurka ta ƙayyade a 2011 cewa jariri na bukatar UI 400 a yini, yaro da babba 600, wanda ya wuce shekara 70 kuma 800. Babba kada ya wuce 4000 a yini sai da umurnin lokotoro. To a farmasi akwai ƴan kwalaben gilashi masu UI dubu 100, akwai masu dubu 200. Ku raba dubu 200 da 600, za ku ga abincin kwana 333 ne a cikin abin da bai cika cokali ba. Wanda ya riƙa shan irin wannan kowane mako don atishawa, yana wasa da ƙodarsa. Mutanen Mashhad sun sha dubu 50 a mako, amma da awon jini da idon lokotoro, kuma na mako takwas kawai. Mace mai ciki, da mai ciwon ƙoda, da ƙaramin yaro, kada a ba su sai ma'aikacin lafiya ya faɗi adadi.

Mai son na kyauta, ga rana. A fita tsakar gida sau da dama a mako, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na ɗan lokaci. Hasken ya fi aiki in inuwar mutum ta fi shi gajarta. Ranar sassafe mai daɗin ɗumi ba ta yin aikin sosai. Jariri sabon haihuwa kuwa ba a shanya shi a rana.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Na farko shi ne mutum ya gane abin da ke tayar masa, ya rage haɗuwa da shi. Wannan shi kaɗai zai iya lura. In bununi ne, ya san watansa. In sussuka da sheƙa ne, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle mai tsabta, ya wanke fuska ya sauya riga da an tashi. Hausawa sun ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, kuma mata masu wannan ciwo sun san maganar ba karin magana ba ce kawai. A gidan da akwai hannu da yawa, adalci ne a ɗauke wa mai borin hanci sheƙa, a ba ta wani aikin. A yayyafa ruwa kafin shara. A shanya katifa da barguna a rana mai zafi, wani dabam ya kakkaɓe su. Kaji da tumaki su kwana nesa da ɗakin barci. Hayaƙin murhu, da taba, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa, duk suna ƙara wa hanci fushi.

Ruwan gishiri na taimako, kuma ba shi da tsada. A tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri mai tsabta giram 9, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe. A bar shi ya huce. A shaƙa a tafin hannu mai tsabta ta ƙofar hanci guda, a fyace, a koma ɗayar. Safe da yamma. Dole ruwan ya tafasa, kuma kowace rana a haɗa sabo.

A gidan likita akwai ƙwayoyi masu tare histamin. Setirizin da loratadin ana shan su sau ɗaya a yini, ba su cika sa barci ba. Kulorfenamin ya fi arha amma yana sa gyangyaɗi: direba, da ɗan kabu-kabu, da mai ginar rijiya su kiyaye. Ga wanda hancinsa ke toshewa kullum, abin da ya fi aiki shi ne maganin fesawa a hanci, irin bekulometazon ko budesonid. Mutane da yawa na watsar da shi don sun fesa sau biyu ba su ga kome ba. Ba haka yake aiki ba. Kullum ake fesa shi, sai bayan kwanaki yake kamawa, wani har mako biyu. A sunkuyar da kai kaɗan, a karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada a nufi karan hanci.

Abu biyu muke roƙon ku guje musu. Akwai ɗigon da ke buɗe hanci nan take. Yana da daɗi, amma in an wuce kwana biyar ana sa shi, hancin yakan koma ya toshe fiye da da, mutum ya zama ba ya iya barci sai da shi. Akwai kuma dekisametazon da danginsa, waɗanda masu tallar magani a tebur ke sayarwa, da allurar da ake cewa tana tsayar da atishawa wata guda. Gaskiya suna tsayar da ita. Amma in aka daɗe a kansu suna kumbura fuska, su ta da hawan jini da ciwon suga, su raunana ƙashi, su karya ƙarfin jiki na yaƙi da cuta.

Kada kuma a sa wa kowane ciwo sunan borin hanci. In numfashi yana fito, ko ƙirji yana ɗaurewa da dare, a je likita a duba fuka. Tarin da ya wuce mako biyu, a je a auna kaki. Majina mai wari daga ƙofar hanci guda ga ƙaramin yaro, sau da yawa ƙwayar wake ce ko tsakuwa ya tura, kada a tsokale ta a gida. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ƙagewar wuya kuwa, musamman daga hunturu zuwa bazara, alamar sanƙarau ce. Wannan ba a kwana da shi, ko da tsakar dare ne a ɗaura amalanke.